Jirgin da ya fara sauka a Kano, 1925: wane fenti, wace lamba?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙanena ya zo hutu daga waje ya taho mini da tsaraba, kwalin jirgin DH.9A na haɗawa, ma'aunin 1/72, wato an rage girman na gaske sau 72. Tun muna yara muna yin jirgin kara da gwangwanin madara nake da burin wata rana in haɗa irin jirgin da ya fara sauka a Kano, to ga shi Allah ya kawo lokaci. Damuwata ita ce, jirgin da aka zana a bayan kwalin launinsa ƙasa-ƙasa ne da ya ɗan ja zuwa kore, sitikun da ke ciki kuma na wani ne da ya yi yaƙi a Faransa a 1918. Ni kuwa na Kano nake so, na 1925. In shafa wannan fentin in wuce, ko da gyara? Ga hoton da na samo a Facebook, an rubuta masa "jirgin farko a Kano", shi nake niyyar bi.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Kafin ka buɗe gwangwanin fenti, ƙirga mini injinan jirgin da ke cikin hoton nan.

Baban Ummi: Huɗu. Kash.

Injiniya: To ka gani. DH.9A inji ɗaya gare shi a hanci, Liberty ƙirar Amurka mai ƙarfin doki 400, kuma mutum biyu yake ɗauka, kansu a waje iska na dukansu. Wanda ka ɗora DH.86 ne na fasinja. Kamfanin Imperial Airways ne ya fara zirga-zirga da irinsa tsakanin Khartum da Kano a 1936, shekara 11 bayan abin da kake nema. Dubi jikinsa ma, haruffa ne da suka fara da G, rajistar farar hula, babu tambarin soja ko ɗaya. Abin da ya zo a 1925 jirage 3 ne na runduna ta 47 ta sojan saman Ingila, ƙarƙashin Arthur Coningham. Sun tashi daga Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba, suka biyo ta Sudan da Chadi da Maiduguri, suka iso Kano ranar 1 ga Nuwamba. Batun fenti kuma, ajiye na kwalin. Wancan launin na zamanin yaƙin duniya na farko ne. A tsakiyar shekarun 1920 jiragen nan ruwan azurfa ake shafa musu.

Na-Fagge: Ku dai kuna da lokaci wallahi. Jirgin da faɗinsa bai kai tafin hannu biyu ba, wa zai zo falon Baban Ummi ya ce fentin nan na 1918 ne ba na 1925 ba? Yaya, shafa abin da ka samu, ka ɗora a kan talabijin, yara su yi kallo.

Injiniya: Na-Fagge, in ka ga hoton hawan sallar Kano an sa wa dogari riga shuɗiya, za ka ce ai hoto ne kawai?

Na-Fagge: Wannan daban. Dogari kowa ya san shi.

Injiniya: Wannan ma akwai waɗanda suka san shi. Kuma azurfar ba ado ba ce. Jikin jirgin nan katako ne da yadin lilin da aka ɗaure aka shafa wa wani ruwa mai sa shi ya ɗame kamar fatar kalangu. Babban abokin gabar yadin nan rana ce, tana cinye shi. A lokacin yaƙi sun kare shi da fentin da suke kira PC10, haɗin jar ƙasa mai ruwan ɗorawa da ɗan baƙin hayaƙin fitila, shi ne wannan ƙasa-ƙasan da ke bayan kwalin. Bayan yaƙi sai suka koma zuba garin alminiyom a cikin shafin ƙarshe, domin ya fi mayar da hasken rana, kuma babu sauran buƙatar ɓuya daga jiragen Jamus. Jirgin da zai ratsa Darfur a watan Oktoba ka shafa masa fentin lakar Faransa, ka ba da labarin da ba a yi ba.

Baban Ummi: Na gamsu. Azurfa ke nan. To tambarin fa? Sitikun kwalin akwai zagaye mai shuɗi, fari da ja. Waɗannan dai ba su canza ba ko?

Injiniya: Tsarin bai canza ba: shuɗi a waje, fari a tsakiya, ja a cibiya. Auna ka gani, faɗin jan kashi 1, farin da'irar kashi 3, shuɗin kashi 5. Amma duba ko sitikunka suna da siririn farin zobe a bayan shuɗin. Wannan zoben an yi shi ne don tambarin ya fito a kan fenti mai duhu. A kan azurfa ba a buƙatarsa, sai ka bi da reza ka yanke shi kafin ka jiƙa.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum daga Zinder. Ina bin ku tun ɗazu. Abin da zai ba ku dariya, wannan tambarin daga wajen Faransawa Ingilishi suka aro shi. Faransa ta fara sa shi a jiragenta tun 1912, ja a waje, fari, shuɗi a cibiya. Da aka fara yaƙi a 1914 Ingilishi tutarsu suke zanawa a ƙarƙashin fiffike, sai ya zama daga ƙasa jan gicciyen tutar yana kama da gicciyen Jamus, sojojinsu na harbin nasu. Kafin shekarar ta ƙare suka ɗauki zagayen Faransa suka juya launukan. Na faɗi haka ne don ni na taɓa faɗawa ramin. Na haɗa Nieuport na Faransa na liƙa masa sitikun da suka rage mini daga wani jirgin Ingila, wata biyu yana kan tebur ban lura ba, sai da wani tsohon malaminmu ya zo gaisuwa ya tsaya yana kallonsa, ya ce mini, wannan yaushe ya sauya ƙasa?

Baban Ummi: Allah Sarki. To ni ma ga tawa. Na samo wani hoton, wannan karon DH.9A ne na gaske, inji ɗaya, azurfa, a wani fili mai rairayi. Amma a jelarsa, ratsin da ke can baya baƙi ne wuluk, na gaba kuma fari-fari. A ganina baƙin shi ne shuɗi, tunda shuɗi ya fi ja duhu. Ke nan ja a gaba, shuɗi a baya. Amma takardar cikin kwalin ta nuna akasin haka. Wa zan bi?

Kawu Mai Hoto: Ɗana, tsaya nan, wannan fagena ne. Shekara 30 na yi a ɗakin wanke hoto kafin waya ta kashe mana kasuwa. Idonka ne ya yaudare ka, takardar ce mai gaskiya.

Fim ɗin da aka fi amfani da shi a wancan zamani ba ya ganin ja. Ko kusa. Abin da yake gani sosai shi ne shuɗi, sai kore. To ka san yadda dodon hoto yake aiki: inda haske ya taɓa shi nan yake ƙonewa, in an wanke a takarda wurin ya fito fari. Ja bai taɓa shi ba, sai ya fito baƙi ƙirin. Shuɗi ya ƙona shi da yawa, sai ya fito fari-fari kamar toka. Shi ya sa muke iya kunna jar fitila a ɗakin wanki takarda ba ta lalace ba, dalilin ɗaya ne. Kuma shi ya sa a tsofaffin hotuna sama kullum fara fat take, ba ka ganin gajimare.

Koma ka dubi tambarin da ke jikin jirgin a hoton naka. Na tabbata za ka ga cibiyar baƙa, zoben waje kuwa ya kusa ɓacewa. Cibiyar nan ka san ja ce. To duk abin da ya yi duhu irin nata a hoton, ja ne. Ratsin baya na jela ja ne, na gaba shuɗi.

Baban Ummi: Wallahi Kawu haka yake. Cibiyar baƙa ce, zoben waje kamar an wanke shi. Allah ya ƙara girma.

Injiniya: Kawu ya gama magana. Ƙari ɗaya: shuɗi a gaba, ja a baya, haka aka yi tun zamanin yaƙi har zuwa 1930, sannan aka juya, ja ya dawo gaba. Saboda haka jelar ma tana gaya maka shekarar hoto. Akwai wata alamar: manyan lambobin da ake rubutawa a ƙarƙashin fiffike sai 1927 aka fara su. In ka ga su a hoto, ba na tafiyar 1925 ba ne, kuma kada ka sa su a naka.

Auta: Yayye ku yi haƙuri in ɗan kauce. Wannan maganar fim ɗin ita ce ta sa ake ta rigima a kan jirgin Werner Voss, matuƙin Jamus na yaƙin duniya na farko? Na ga wasu sun yi masa hanci rawaya, wasu kore, kowa na rantsuwa.

Kawu Mai Hoto: Ita ce, Auta. Na manta ban faɗa ba, rawaya ma duhu take fitowa a irin wannan fim.

Injiniya: Rigimar da ta girmi yawancinmu ke nan. Voss yana tuƙa Fokker mai fiffike uku, lamba 103/17, wanda aka zana wa idanu da gashin baki a murfin inji. An harbo shi ranar 23 ga Satumba 1917 bayan ya yi artabu da jiragen runduna ta 56 ta Ingila. A hotuna murfin yana da duhu. Masu cewa kore suna cewa haka masana'anta ta fito da shi, kuma ga duhun nan a hoto. Masu cewa rawaya suna cewa rundunarsa, Jasta 10, rawaya ce alamarta, kuma rawaya duhu take yi a fim. Hoton ya yarda da kowa. Ni kore na yi wa nawa, don jirgin ƙasa da wata ɗaya ya yi a hannunsa, kuma ba na ƙara fentin da hujja ba ta tilasta mini ba. Amma ba zan yi faɗa da mai rawaya ba.

Na-Fagge: Yauwa! Ga shi da bakinka. Turawan da suka yi jirgin, da takardunsu da gidajen tarihinsu, shekara 100 sun kasa sanin launin murfin inji. Sai mu a nan za mu zauna muna auna zobe da rula? Tunda ba a sani ba, kowa ya shafa son ransa.

Malamar Tarihi: Malam Na-Fagge, a nan ne ban bi ka ba. Murfin Voss launi biyu ake jayayya a kai, kowanne da dalilinsa. Ba wanda ya ce shuɗi ne ko fari, domin hoton ya kore su. Bincike bai kai mu ga amsa ɗaya ba, amma ya rage hanyoyin daga goma zuwa biyu. Haka muke fama da tarihin sarakuna ma. A sami saɓani a kan shekarar da wani ya hau gado, wannan bai ba ɗalibi izinin ya rubuta duk shekarar da ta zo masa a ka ba.

Na-Fagge: Malama, ni fa ban ce a yi ƙarya ba. Cewa na yi abin nishaɗi ne, kada a mai da shi jarrabawa. Irin wannan tsanani ne yake korar yara daga sana'ar. Yaro ya haɗa jirginsa na farko da murna, ya ɗora hoto, sai a taso masa da cewa jelarsa a juye take.

Malamar Tarihi: Wannan kuma gaskiyarka ce, kuma Injiniya ya ji. Amma Baban Ummi ba cewa ya yi yana son jirgi mai kyau ba. Cewa ya yi yana son wanda ya sauka a Kano. Da zarar ya rubuta "Kano 1925" a ƙasan katakon, ya zama mai ba da shaida. Yaran da kake cewa su yi kallo, abin da suka gani shi za su riƙe.

Injiniya: Na ji, na kuma karɓa. Bakina yana da kaifi wani lokaci. Amma bari in ba Auta misalin da ya fi na Voss, don shi ne zai amfani Baban Ummi. Jan jirgin Richthofen, shahararren matuƙin yaƙin Jamus, lamba 425/17, wanda ya mutu a cikinsa ranar 21 ga Afrilu 1918. In ka haɗa shi kamar yadda yake a watan Maris, gicciyensa mai faɗin baki ne, irin na da. In na ranar da ya mutu ne, gicciyen miƙaƙƙe ne, domin a tsakanin nan umarni ya zo a sauya, aka bi tsohon da fenti aka gyara. Sojojin Ostareliya sun yayyage jirgin don tsaraba, kuma guntayen yadin da suka rage a gidajen tarihi har yau ana ganin inuwar tsohon gicciyen a ƙarƙashin sabon. Jirgi ɗaya, matuƙi ɗaya, 'yan makonni tsakani. Don haka tambayar ba "yaya DH.9A yake" ba ce. Wanne daga cikin ukun, kuma a wace rana.

Baban Ummi: To mun zo wurin. Lambar fa? Sitikar kwalin ta fara da F. Wani a wani zauren ya ce in liƙa ta kawai tunda duk DH.9A ne.

Injiniya: Kada ka soma. Lambar nan ita ce sunan yankan jirgin. Ana rubuta ta baƙa a bayan jiki kusa da jela, a kuma maimaita ta a kan ratsin jelar. DH.9A sun zo da lambobi masu farawa da E, F, H da J, gwargwadon lokacin da aka yi odarsu. Sannan ga wani tarko: jirgin da aka kwance aka sake ginawa a ma'aikatar gyara ta soja a yankin Gabas ta Tsakiya, sai a ƙara masa R bayan harafin farko, J ta koma JR. Mai ido zai karanta tarihin jirgin daga haruffa biyun nan. In ka liƙa ta kwalin, ka ce jirgin da ya yi yaƙi a Faransa shi ne ya zo Kano.

Malamar Tarihi: Ga inda zan iya taimakawa. Kowace rundunar sojan saman Ingila tana da littafin da take rubuta ayyukanta, kuma suna ajiye a ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Kew a Landan, a rukunin AIR 27. Ana iya neman na runduna ta 47 ta intanet. Mujallar Flight, wadda ta fara fitowa mako-mako a 1909, ita ma ka bi fitowarta ta Oktoba zuwa Disamban 1925. Ƙungiyar Air-Britain kuma ta tattara lambobin jiragen soja ɗaya bayan ɗaya, da rundunar da kowanne ya zauna da lokacin. Ka haɗa ukun, inda suka yi daidai nan za ka tsaya.

Kada kuma ka raina na gida. Zuwan jirgi a 1925 ba abin da Razdan zai bari bai rubuta ba ne, kuma rahotannin lardin Kano suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna. Ka leƙa Arewa House, ka leƙa Gidan Makama ka ga hotunan da suke da su. Rahoton Razdan ba lallai ya damu da lambar jirgi ba, ya fi damuwa da share fili da taron jama'a, amma in za ka yi wa jirgin dandamali, wannan shi ne abin da kake buƙata. Zamanin Sarki Usman ne, shekara guda kafin Abdullahi Bayero ya hau.

Auta: Akwai DH.9A na gaske da ya rage a duniya? Da sai a duba shi kawai a huta.

Injiniya: Akwai guda, F1010, a gidan tarihin sojan sama da ke Hendon a Landan. Labarinsa ma abin ji ne. Na runduna ta 110 ne, wadda Nizam, sarkin Haidarabad da ke Indiya, ya saya wa jirage, har an rubuta sunansa a jikinsu. Jamusawa suka kama shi a Oktoban 1918, aka baje shi a Berlin, yaƙi na biyu ya tura shi Poland, sai 1977 ya dawo Ingila ta hanyar musaya da jirgin yaƙi Spitfire. Ka dube shi don ka ga yadda kujeru suke, yadda wayoyi suka bi, yadda katakon jiki ya haɗu da yadi. Amma ba za ka huta ba, Auta. Fentinsa na 1918 ne, kuma fikafikansa sabbi ne da aka ƙera lokacin gyara. Jirgin gidan tarihi ya bi ta hannun masu gyara, su ma mutane ne masu zaɓi irin namu.

Kuma bai da kayan ƙasar zafi. Waɗanda suka yi aiki a Masar da Iraƙi an ƙara musu lagireto na biyu a ƙarƙashin hanci, don Liberty yana tafasa a zafin can. Da yawa suna ɗauke da safayar taya ɗaure a jiki, da ƙarin tankin mai a fiffiken sama, da tarkacen ruwa da abinci, saboda in ka sauka a daji babu mai kawo maka. Baban Ummi, duba hotonka na biyu, ƙarƙashin hancin.

Baban Ummi: Akwai wani abu kamar ƙaramin akwati yana reto. Na ɗauka inuwa ce. A kwalina babu shi.

Ɗan Damagaram: Tsohon katin waya ko na banki, ka yanka murabba'i, ka goge da samfefa, ka zana layuka da bakin allura. A 1/72 bai kai ƙwayar wake ba. Haka nake yi, don a nan in ka ce sai ka yi odar ƙaramin abu irin wannan, kuɗin aike ya ninka kuɗin jirgin.

Malamar Tarihi: Ina da magana da ba ta fenti ba, in an ba ni dama. Muna ta cewa "jirginmu na farko" kamar baƙon alheri. Jirgin yaƙi ne na mai mulkin mallaka, kuma an turo shi ne a gwada hanya a kuma nuna ƙarfi. A shekarun nan irin wannan jirgin ne yake jefa bamabamai a ƙauyukan Iraƙi. Yayansa DH.9 shi aka kai Somaliya a farkon 1920 aka rushe wa Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan ganuwarsa ta Taleh. Kafin nan, a 1916, an yi amfani da jirage a kan Sarkin Darfur Ali Dinar, a ƙasar da waɗannan ukun suka ratsa. Kuma ku dubi wannan daidaituwa: bam na farko da aka taɓa jefawa daga jirgin sama, wani Ba'italiye Giulio Gavotti ne ya jefa shi a Libiya ranar 1 ga Nuwamba 1911. Ranar da suka sauka Kano shekara 14 cif ke nan. Ban ce kada a haɗa ba. Ni ma ina so in gan shi, har in roƙi aro in kai aji. Amma in na kai shi, da wannan bayanin zan kai shi.

Na-Fagge: To Malama yau mun haɗu a layi ɗaya. Shi ya sa nake mamakin masu lallashin zoben tambarinsa.

Malamar Tarihi: A'a, ba mu haɗu ba tukuna. Ni dalilina ke nan na son a yi shi daidai. In an shafa masa son rai ya zama abin wasa, ba wanda zai tambayi na wane ne, me ya zo yi. Tambarin da lambar su ne suke cewa ga mai shi.

Baban Ummi: Malama kin tuno mini da abu. Bindigogi. Kwalin ya ba ni Vickers a gefen hagu na matuƙi, da Lewis a kan zoben kujerar baya. In sa?

Injiniya: Sa zoben, don shi a jikin jirgin yake. Bindigar kuwa cirewa ake yi a mayar, kuma a doguwar tafiya kowane kilo ana lissafinsa da mai. Riƙe ta a kwali, hoton tafiyar ne zai yanke hukunci. Ɗigon gam ɗaya ne in ta tabbata.

Kawu Mai Hoto: In ka samo hoton, ɗana, kada ka tsaya a wanda ya yi yawo a WhatsApp, an matse shi har lambar ta narke. Nemi wanda aka ɗauko daga asalin takarda. Gilasan hoto na wancan zamani manya ne, suna riƙe abin da ba ka zato, in an buɗa su da kyau har ɗinkin yadi kana gani. Kuma ka guji waɗanda aka sa wa launi da kwamfuta. Na'urar ba ta san fim ɗin ba ya ganin ja ba, sai ta ga baƙi ta mai da shi shuɗi, irin kuskuren da ka tashi yi ɗazu.

Auta: Wayoyin tsakanin fikafikai fa? Ni su ne suke sa ni ajiye jiragen nan in koma masu fiffike ɗaya.

Ɗan Damagaram: Zaren fatsa mafi siriri, ka bi shi da alƙalamin azurfa. Faɗin jirgin gaske mita 14 ne, a 1/72 ya dawo santimita 19 da ɗoriya, don haka wayar da ta kai milimita 5 ko 6 a can, a nan kaurin gashin kai ce. Zaren ɗinki ya yi kauri, kuma yana tara ƙura. Ka huda ramuka kafin ka ɗora fiffiken sama, in ba haka ba za ka yi kuka. In ya saki, kunna ashana ka kashe, ka matso da kan kusa, zafin zai ɗame shi. Kusa na ce, ba a jiki ba.

Baban Ummi: Jama'a na dawo bayan kwana 9. Ga inda aka kwana. Na yi lagireton da katin waya, ya zauna. Na shafa azurfa, na yanke farin zoben, jela shuɗi a gaba. Wurin lamba na bar shi fili, bindigar Lewis tana cikin kwalin ashana. Na rubuta wa ƙanena ya nemo mini littafin rundunar, ni kuma ranar Asabar zan shiga Gidan Makama. Sai dai wata sabuwa: na bar fiffiken ƙasa ya bushe a bakin taga, hunturu ya yi masa ado, yanzu in ka shafa kamar samfefa.

Na-Fagge: Ka bar shi haka. Ƙurar Kano ce, ita kaɗai ce abin da ba wanda zai yi maka gardama a kai.

Injiniya: Ƙwayar ƙurar nan in ka ninka ta sau 72 tsakuwa ce, Na-Fagge. Goge ka sake.

Kawu Mai Hoto: Jiƙa samfefa mai laushi ka bi a hankali, kada ka cinye layukan haƙarƙarin. In ka sake shafawa, yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin tukuna, sannan ka kife shi da babban kwanon Maman Ummi har gobe. Ka dai nemi izini kafin ka ɗauka.